Kalmar da Ke Ƙarƙashin Ɗigon Jini

A layinsu kaf babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Mai Guga ake ce mata, kuma tun tana 'yar shekara goma sha huɗu sunan ya bi ta, shekarar da mahaifinsu ya rasu ta ajiye littattafai a aji biyu na sakandare, ta bi yayarta shagon wanki da guga da ke bayan tashar mota. Yayar na gaban injin wanki, ita tana kan tebur. Dogon tebur ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo aka rufa farin ƙyalle a kai, da dutsen guga biyu, na lantarki da na gawayi don ranar da aka ɗauke wuta. Ba ta taɓa duba lambar da ke jikin dutsen ba. Takan matso da shi kusa da kumatunta, ta san ko zafin ya kai na auduga ko zai narkar da rigar mutane. Kafin ta cika ashirin damatsanta sun yi kauri kamar na mai faskare, bayan hannuwanta duk ƙananan tabon ƙuna. Magana ba ta dame ta ba. Direbobi sukan tsokane ta, wai duk wanda ya aure ta shi ma goge shi za ta yi ta ninke ta sa a leda, sai ta yi murmushi ta miƙa musu kayansu. In lokacin salla ya yi ta shimfiɗa kwali a bayan rigunan da ke rataye, ba ka ganin komai nata sai tafin ƙafa.

Mai Walda ya shigo rayuwarta ta ƙofar shagon ne. Ɓarayi sun ɓalle ƙyauren, aka kira shi ya gyara, ya yi kwana biyu yana aikin rabin yini. Daga nan ya riƙa kawo rigunansa masu hujin tartsatsi, ita kuma tana ɗinke hujin ba tare da ya ce ba. Tana da shekara ashirin da shida suka yi aure, da son ranta, kowa ya shaida. Suka kama ɗaki ɗaya a hawa na biyu na wani gidan haya mai dogon baranda, ƙofofi takwas a jere, famfo ɗaya a ƙarshe.

Marin farko ya zo a wata na huɗu, a kan wando ya fito da kari biyu. Ita da ta shekara goma sha biyu tana guga, ranar zazzaɓi take yi. Ya ba ta haƙuri da yamma. Daga baya dukan ya daina neman dalili. Ta yi ɓari sau biyu, na biyun kwana uku bayan ya ingiza ta a matakala, ta ce wa kowa santsi ne. Uwarsa, wadda ke zaune layi biyu daga nasu, ta ce zuciya ce irin ta ubansa, mace mai hankali ba ta tsayawa gaban namiji in ya hau. Yayarta kuwa ta bi miji wani gari mai nisa. Kowane duka akwai kyautar da ke biyo bayansa, yau takalmi, gobe turare. Bayan ɓari na biyu waya ya kawo mata, babba, mai shafawa, wadda wani ya taɓa riƙewa. Layin da sunansa ya yi rajista, zanen buɗe wayar ma da yatsansa ya zana ya koya mata.

Ciki na uku ya zauna. Ranar da ta fara zuwa awo ta tarar asibitin sun daina ba da kati. Wata ma'aikaciyar jinya ce ke karɓar masu ciki, ƙatuwar mace mai tabarau rataye a zare, kowa Sista yake ce mata. Ta karɓi wayar ta daddanna, sai ga wani ɗan tambari shuɗi ya fito a fuskarta. Ta ce daga yau komai na Mai Guga yana ciki: awo, gwaji, magani, ranar dawowa, in ta haihu har nauyin jariri da rigakafinsa. Ba katin da zai jiƙe, ba wanda ɓera zai ci. Mai Guga ta ji daɗin abin. Lambobi da kwanan wata ba sa ba ta wahala, su take dubawa. Sauran duk dogon Turanci ne, ba ta taɓa buɗe su ba, ta bar wa masu shi.

Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki. 'Ya mace. Kwana biyar aka sallame su, da ɗinki a mararta da gargaɗin kada ta ɗaga ko bokiti.

Ranar da jaririyar ta kwana tara, da safe, Mai Walda bai fita da wuri ba don babu wuta a garejinsu. Yana zaune bakin katifa yana shan shayi, ita tana jingine da bango tana shayarwa. Wayar ta yi ƙara a kan akwati. Ya riga ta kai hannu, kamar kullum, don ya ga wa ke nemanta. Saƙon asibiti ne na tunin ranar duba ɗinki. Ya danna, tambarin shuɗi ya buɗe, ya shiga shafawa yana wuce shafuka yana kurɓar shayi. Sai ya tsaya a wani shafi mai hoton ɗigon jini ja. A ƙarƙashin ɗigon akwai harafi ɗaya kamar sifili, a gefensa kalma guda.

Karatunsa bai fi nata ba. Amma wannan kalmar ya san ta. Shekara uku baya wani abokin aikinsa ya ja shi bayan gareji ya nuna masa takarda mai ita, yana kuka, kafin shekara ta zagayo sun binne shi. Fositif. A kansa kalmar ma'ana ɗaya gare ta a duniya, ƙanjamau.

Ya ajiye kofin a hankali. Ya juya mata fuskar wayar daga nesa.

"Tun yaushe?"

Ta ɗaga kai, ta hango shuɗin tambarin. Ta zaci yana tambayar tun yaushe aka sa mata abin a waya.

"Tun ina wata uku. Ai na gaya maka, ka ce ba ruwanka da harkar mata."

Da wayar ya fara dukanta. Gefenta ya sauka a kan ƙashin kumatunta, na biyu a baki, na uku fuskar wayar ta tarwatse, gilashin ya yanka mata leɓe. Ta duƙa ta rufe jaririyar da jikinta, ya kama gashinta ya ɗago ta ya buga ƙeyarta da bango. Yana duka yana tambayar wa ya ba ta, direba ne ko mai shago, yana cewa wata shida tana kallonsa yana ci a kwano ɗaya da ita, yanzu kuma tana ɗura wa 'yarsa. A nan ta ji sunan cutar a bakinsa. Ta buɗe baki, jini ya cika shi. Ya kama jaririyar ta hannu ɗaya ya fizge ta daga nono. Kukan da yarinyar ta yi ba irin na yunwa ba ne. Mai Guga ta riƙe zanin goyon da hannu biyu, ta rarrafa a gwiwa tana biye da shi har bakin ƙofa, a nan ya juyo ya sa mata ƙafa a mara, daidai kan ɗinkin, da takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki. Ta ji abu ya ɓalle a cikinta kamar an yage tsohon yadi.

Matan baranda sun fito, kowace a ƙofarta. Matar ɗaki na uku har ta taho da gudu. Sai ya tsaya a kan matakala, jaririya a kafaɗa, fasasshiyar waya a aljihu, ya faɗi sunan cutar da ƙarfi, ya ce duk mai son ransa ya yi nesa da jininta. Matar ɗaki na uku ta tsaya cak. Bayan ya sauka, ta koma ta ɗauko bokiti da tsumma, ta turo su da ƙafa har gaban Mai Guga, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ja 'ya'yanta ciki ta rufe.

Mai Guga ta ninke tawul ta danna a marar, ta ɗaure da mayafi tamau, ta zura doguwar riga baƙa. Tafiyar minti biyar ce zuwa gidan uwar mijin, ta yi ta a rabin awa tana bin bango. Ƙofar tsohuwar tana da ƙyauren ƙarfe a waje, aikin ɗanta, an sa kwaɗo. Ta cikin sandunan ta hango ta zaune a kan kujera, jaririya a cinya, tana ɗiga mata ruwan sukari da cokali, ruwan na gangarowa ta wuya. Ɗan ya ajiye yarinyar ya tafi aiki, wuta ta dawo.

"Inna, ki ba ni ita ta sha. Ko ta nan cikin ƙarfen ne."

Tsohuwar ba ta ɗago ba. Ta ce nonon da ke ɗauke da guba ba zai ƙara shiga bakin jikarta ba, abin da ta sha a kwana tara ma Allah ya tsare. Ta ce ita ba ta zagi kowa ba, amma ɗanta da idonsa ya gani a rubuce, waya kuwa ba ta san ƙiyayya ba. In ƙarya ne, a kawo takardar likita mai hatimi. Mai Guga ta lura duk lokacin da hannun tsohuwar ya taɓa kafaɗar yarinyar ta hagu sai kukan ya canza. Ta faɗa. Tsohuwar ta ce rigima ce irin ta uwarta, ta miƙe ta saki labule.

A cikin bas ɗin asibiti nonon ya cika ya yi tauri, ya jiƙa gaban rigar, jini kuma ya jiƙa ƙasa. Abin da ya fi ɗinkin ci mata rai shi ne ita kanta ba ta san abin da aka rubuta ba. Wata shida abin yana hannunta, a ƙarƙashin filonta yake kwana, ba ta taɓa buɗe shafin ba. In gaskiya ne fa? In sun gani sun ɓoye mata? Ta bi rayuwarta kaf tana lalube, ba ta ga ƙofar da cutar za ta shigo ba sai guda ɗaya, shi. Ta yi ta istigfari har aka kira sunan asibitin.

Sista ba ta nan, ta fita da motar rigakafi sai bayan azahar. Aka nuna mata tagar masu ajiye bayanai. Mutumin tagar ba mugu ba ne, har ya miƙe da ya ga fuskarta. Ya ce takarda kam ana bugawa, hatimi ma akwai, amma na'urar ba ta buɗe fayil ɗin kowa sai ta tura lambobi shida zuwa layin da aka yi rajista da shi, mai fayil ya karanto su. Haka aka tsara don kada wani ya leƙa sirrin wani. Ta ce wayar ta fashe. Ya ce layin ake buƙata, a kowace waya. Ta ce to a ɗebi jininta yanzu a sake gwadawa. Ya ce ɗakin gwaji ma sai an buɗe fayil suke karɓar mutum, sai dai ta shiga ta ɓangaren gaggawa, su kuwa kwantar da ita za su yi nan take, kuma a ganinsa hakan ya kamata, don ga jini nan a ƙasa inda take tsaye. Ta duba. Ta sa silifas ɗinta ta murje shi. Ta tambaye shi jariri ɗan kwana tara awa nawa yake iya yi ba nono. Ya ce shi ba likita ba ne. Ta juya.

Garejin masu walda rumfar kwano ce a bakin titi, maza biyar ban da mai wurin, ƙarafa jingine ko'ina, ƙasan baƙi ƙirin. Mai wurin wani dattijo ne da ake kira Tsoho, kunnensa ɗaya ya mutu saboda ƙarar guduma, shi ya koya wa Mai Walda aikin. Ta tarar da mijin duƙe a kan wani babban ƙyaure da aka kwantar a kan jarkoki, yana haɗa sandunansa. Ta tsaya har ya ɗaga gilashin fuska.

"Layin kawai nake so. Ka riƙe wayar."

Ya miƙe ya cire safar hannu ya yar. Ya ce wa abokan aikinsa su kalle ta da kyau, ga shiru-shirun da ake yabo, ga mai salla a bayan riguna. Ya faɗi cutar, ya faɗi direbobi. Wani ya ce a yi haƙuri a je gida a yi maganar. Ta sake cewa layin take so, yarinya ba ta sha ba tun safe. Ya ɗauki guntun wayar lantarki mai kauri ya zabga mata a kunne. Ya ƙara a wuya. Ta faɗi a kan ƙyauren, haƙarƙarinta ya bugi sanda, mazan suna tsaye, ɗaya ma yana riƙe da kofin ruwa bai ajiye ba. Ya duƙo ya shaƙe ta da hannun dama, yana danna kanta cikin ƙarafan, yana cewa yau zai huta.

Kumatunta na kusa da mahaɗin da ya gama yanzu. Jan ya riga ya dushe, ƙarfen ya koma toka-toka kamar ba komai, amma fatar fuskarta ta gaya mata ko nawa ne. Ta kama wuyan hannunsa da hannu biyu. Bai taɓa sanin ƙarfin da ke cikin damatsan nan ba, don ba ta taɓa ɗaga su a kansa ba. Ta ɓamɓare yatsun daga maƙogwaronta, ta juya tafin, ta kifa shi a kan mahaɗin, ta hau da nauyinta duka kamar yadda take yi wa kwalar riga mai sitaci. Aka ji cuu. Wari ya tashi. Ya yi wata irin ƙara, ya dake ta da hagu a ido, a kai, a kafaɗa, ba ta saki ba sai da gwiwoyinsa suka kai ƙasa. Da ta ɗaga, fatar tafin ta zauna a jikin ƙarfen.

Sai a lokacin mazan suka motsa, su huɗu, kanta suka yo. Tsoho ya ɗaga guduma ya maka a kan teburin ƙarfe, kowa ya tsaya. Ya ce tun ɗazu ƙafafunsu a ina suke. Ya matso ya juya mata kunnensa mai ji.

"'Yata, me kika ce kina so?"

"Layin da ke cikin wayar, Baba. Yana aljihunsa."

Tsoho ya zura hannu a aljihun mutumin da ke birgima a ƙasa, ya zaro wayar, ya tsokano layin da ɗan siririn ƙarfe, ya sa a ƙaramar wayarsa mai madannai. Ya ce a ɗora su biyun a bayan motarsa ta ɗaukar kaya, tunda yanzu kowa na da abin kai wa asibiti. Haka suka tafi, ita a kusurwa ɗaya, shi a ɗaya, sandunan ƙarfe na ƙara a tsakaninsu.

Sista ta dawo. Da ta ga Mai Guga sai ta cire tabarau ta sake sawa. Ba ta tambayi wa ya yi ba, ta dubi Mai Walda da hannunsa naɗe a riga ta gane. Ta kira a kawo gadon turawa, Mai Guga ta riƙe bakin tagar ta ce ba inda za ta sai an buɗe. Wayar Tsoho ta yi ƙara, ya miƙa mata, ta karanto lambobi shidan da ido ɗaya, ɗayan ya rufe. Mutumin tagar ya juyo da fuskar na'urar. Sista ta ce Mai Walda ya nuna abin da ya gani. Ya nuna da haɓa, ɗigon jini ja, harafi mai kama da sifili, da kalmar.

Sista ta juyo ta dube shi.

"Wannan rukunin jininta ne. Irin jinin da za a ƙara mata in ta zubar, kamar yadda ka sa ta zubar yau. Mafi yawan mutanen da ke jira a asibitin nan haka nasu yake, mai yiwuwa har da kai."

Ta danna wani shafi can ƙasa. Ta ce ga gwajin cutar da yake nufi, sau biyu aka yi, farkon ciki da ƙarshensa, duka lafiya lau, kuma da wata kalma dabam ake rubuta shi wadda ko kama da wannan ba ta yi. Mai Guga ta sa goshinta a kan katakon tagar, leɓunanta na motsi. Mai Walda ya ce to me ya sa za su rubuta wa mutane irin wannan kalma a waya, ai laifinsu ne. Sista ta ce wannan tambayar da ya yi da safe da baki, da yanzu yana da hannu biyu. Ta ce ko da gaskiya ne ma, akwai mata a asibitin nan da ke da cutar, suna shan magani, suna shayar da 'ya'yansu lafiya, ba wadda duka ya warkar.

Aka buga takardar aka sa hatimi. Sista ta kai Mai Guga bayan labule, ta kwance mayafin, ta ja tsaki mai tsawo. Ɗinkin waje ya buɗe rabi. Ta ce tiyata za a koma yanzu. Mai Guga ta ce a ba ta awa ɗaya. Suka yi ta ja, har Sista ta cusa auduga ta naɗe da bandeji mai faɗi, ta ce awa ɗaya, kuma da jaririyar za ta dawo, in ta wuce haka da 'yan sanda za ta zo ɗaukarta. Shi ma aka naɗe masa hannu sama-sama. Tsoho ya ce ya hau mota, bakin da ya ɗaure shi zai kwance.

Sun iso gidan uwar mijin ana kiran la'asar. Tun daga bakin gida Mai Guga take kasa kunne, ba kuka. Ta fi son kukan. Ta buga ƙarfen, tsohuwar ta ɗaga labule, ta ga hannun ɗanta ta dafe ƙirji. Aka miƙa mata takardar ta cikin sanduna, ta juya ta sama da ƙasa, ta shafa hatimin da yatsa, ta ce ita ba karatu ta iya ba, ɗanta ya faɗa mata da bakinsa. Ya dubi ƙasa ya ce an samu kuskure ne daga asibiti.

"Faɗi daidai," in ji Mai Guga.

Ya kawar da kai. Tsoho ya ce shi kunnensa ɗaya ne amma ya ji abin da Sista ta ce, in yaron ba zai faɗa ba shi zai faɗa, kuma a tsakiyar layi zai tsaya.

"Ba ta da komai, Inna. Ni ne ban gane rubutun ba."

Kwaɗon ya ƙi buɗuwa a hannun tsohuwar, sai da Tsoho ya karɓi makullin ta cikin ƙarfe. Jaririyar na kan gado, an lulluɓe ta, jikinta zafi, leɓunanta sun bushe, kafaɗar hagu ta kumbura ta yi ja. Mai Guga ta zauna a ƙasa ta ɗauke ta ta ɓangaren dama. Ta sa mata nono, bakin bai kama ba. Ta matsa ta ɗiga a leɓen, ya gangaro. Ta sake. Ta shafa tafin ƙafar da farce, ta hura mata iska a fuska, tana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa. A ɗigo na biyar ko na shida harshen ya motsa. Sai bakin ya buɗe ya lalubo ya kama, da rauni da farko, daga baya da ƙarfi har Mai Guga ta runtse idon da ya rage. A haka Tsoho da wata maƙwabciya suka ɗaga su tare zuwa mota, yarinyar ba ta saki ba.

An sake ɗinke ta a ranar, an ƙara mata jini leda biyu. Ƙashin kafaɗar jaririyar ya tsage, aka ɗaure hannun a jikin rigarta, likita ya ce na jarirai yana haɗewa da kansa. Sista ta rubuta komai a fayil, har girman kowane rauni. 'Yar sanda ta zo ta yi tambayoyi, da maganar ƙuna ta taso Tsoho ya je da ƙafarsa ya faɗi abin da ya gani daga farko. Mai Guga ba ta ƙara taka barandar nan ba. Yayarta ta zo ta kwashe kayan, alƙali ya raba auren kafin yarinyar ta fara zama. Shi yatsunsa uku sun ƙage, ya bar walda ya koma gadin wani sito. Ita ta koma kan teburinta, kunnen hagu ba ya ji sosai, yarinyar na girma a cikin kwandon kaya a ƙarƙashin tebur, yanzu har tana ninke hankici.

Amma matan da suka kwanta ɗaki ɗaya da ita a asibiti, abin da suka fi ba da labari shi ne ranar ta uku. Da hantsi uwar mijin ta shigo da ƙullin kayan jaririya a ka, ta yi ta dube-dube har ta gano gadon. Ta gaishe da kowa a ɗakin kafin ta iso. Ta ajiye ƙullin, ta tsaya, ta yi sannu ta fi sau biyar. Ta ce sharrin shaiɗan ne, ta ce ita ma tun ranar ba ta iya cin abinci, ta ce cokalin nan da ta riƙa ba ta da zuciya ɗaya ta yi. Mai Guga ta amsa gaisuwar yadda ya kamata, har ta tambayi ciwon ƙafarta. Jaririyar ta gama sha ta yi barci a ƙirjinta. Tsohuwar ta goge tafukanta a zani, ta miƙo hannu biyu.

Mai Guga ta gyara wa yarinyar kwanciya, ta ja mayafi ta rufe kafaɗar da aka ɗaure. Ta nuna kujerar roba da ke ƙarshen gadon.

"Zauna, Inna. Daga nan ma ana ganinta."

Tsohuwar ta tsaya da hannuwanta a miƙe na ɗan lokaci. Sannan ta janye su, ta je ta zauna.